Daga Kwalin Ƙofar Wambai Zuwa YouTube: Hanyar a Hannun Wa Take?

Laccar da aka gabatar a Hotoro, Kano

Shugaban taro, iyayenmu malamai, masu unguwanni, iyayenmu mata, da ƙannena matasa masu sana'ar waya da masu harkar fim, barkanmu da yamma.

An ba ni batu mai faɗi: kallon fim ta intanet, haƙƙin mallaka, da manufofin gwamnati a kan sadarwa. In na ce zan bi kowanne daki-daki, sai a kira isha'i ba mu kai rabi ba. Don haka zare ɗaya zan riƙe. Idan ɗan Kano ya ƙirƙiri fim ko waƙa, ta wace hanya abin yake isa ga mai kallo, kuma hanyar a hannun wa take? Ra'ayina shi ne, a cikin shekara talatin da 'yan kai da aka yi ana fim ɗin Hausa na kasuwa, hanyar nan ta sauya hannu sau uku, ba ta taɓa zama a hannun mai fasahar ba, kuma kowane lokaci wanda ya riƙe ta shi yake yanka wa kowa rabonsa. Ɓarawon fasaha yana nan, ba kare shi na zo yi ba. Sai dai mun daɗe muna tsine masa, tsinuwar ba ta ƙara wa marubucin fim ko sisi ba.

Mutanen Hotoro ba sa buƙatar dogon bayani a kan abin da rashin hanya ke yi wa sana'a. Cikin dattawan da ke zaune a nan akwai waɗanda suka yi aiki a Bompai, ko Sharaɗa, ko Challawa, zamanin da motocin ma'aikata ke cika tun da asuba. Masaƙun Kano sun rufe alhali masu saƙa suna nan da hannunsu da iliminsu. Wuta ce ta yi ƙaranci, baƙin mai ya yi tsada, fasa-ƙwauri ya yi ƙarfi, atamfar da aka kwaikwayi zanenta a ƙasar Sin ta shigo Kantin Kwari da araha. Mai saye ya duba aljihunsa ya ɗauki mai sauƙi, babu wa'azin kishin ƙasa da ya hana shi. Kwari kuwa tana nan da ranta, har gobe daga Nijar da Chadi da Kamaru ake zuwa sari, domin ita ce ke da mai saye. Ku ajiye wannan labarin a gefe, za ku ga kamanninsa a abin da zai biyo baya.

Mu koma 1990, shekarar da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya. Daga nan ake ƙirga farkon fim ɗin Hausa na bidiyo da aka yi don sayarwa. Gimbiya Fatima ya biyo baya, sai Sangaya a 1999 ya buɗe ƙofar rawa da waƙa da kuɗi mai yawa. A shekarar ce Sunusi Shehu ya raɗa wa masana'antar sunan Kannywood a mujallar Tauraruwa, tun kafin a fara kiran ta Legas da Nollywood, kuma a shekarar ce Ibrahim Sheme ya fara buga mujallar Fim.

To, masu fim ɗin nan na farko sun tarar da hanya a shirye. Tun kafin su, 'yan kasuwar kaset na Ƙofar Wambai da Bata suna da ɗakuna cike da na'urorin bidiyo a jere, suna kwafar fina-finan Indiya da na Amurka da ake kawowa ta Dubai, suna kwafar kaset ɗin wa'azi da na mawaƙa, suna da dillalai har Maraɗi da Damagaram da zangon Kumasi. Wani Baturen masani, Brian Larkin, ya zauna a Kano ya yi nazarin wannan kasuwa, ya rubuta a littafinsa Signal and Noise na 2008 cewa a kan tubalin kwafar fina-finan waje aka gina kasuwar fim ɗin Hausa. Gaskiya ya faɗa, ko da ba ta yi mana daɗi ba. Na'urar da ta kwafi Amitabh Bachchan ba da izini ba, ita ce ta kwafi Ibrahim Mandawari da izini.

Yadda aka tsara izinin shi ne abin da ya fi ba ni sha'awa a duk tarihin nan. Furodusa zai gama fim ya kai uwar kaset kasuwa, ya je maɗaba'a ya buga kwalaye masu hoton jarumai. Ɗan kasuwa ba fim yake saye ba, kwali yake saye. In ya sayi kwali ɗari biyar, ya sami izinin kwafar kaset ɗari biyar da na'urarsa da kaset ɗinsa. Kaset ɗin da aka gani tsirara ba kwali, ko a kwalin jabu, shi ne na sata, kuma ƙungiyar 'yan kasuwar da kanta take hukunta mai shi, don yana karya wa 'yan'uwansa farashi. Babu lauya a ciki, babu kotu. Mutanen Kano sun ƙirƙiro wa kansu dokar haƙƙin mallaka da takardar kwali, ta kuma yi aiki shekaru. Aibinta shi ne ɗan kasuwa ne alƙali kuma shi ne mai bashi. Sau da yawa sai an sayar ake biyan furodusa, abin da ya yi kwantai a mayar masa. Daga baya 'yan kasuwar suka zama su ne masu zuba kuɗin fim, su zaɓi jarumi, su ce a sa waƙa kaza ko ba za su karɓa ba. Duk wanda ya taɓa ƙorafin cewa fina-finan wancan lokaci labarinsu ɗaya ne, ya sani daga shago aka rubuto rabin labarin.

Faifan sidi ya zo ya raunana kwalin, don kwafarsa ba ta da wuya. Amma abin da ya binne shi shi ne wayar hannu. An fara sabis ɗin GSM a Najeriya a 2001. Shekara goma da wani abu bayan nan, wayoyin Tecno da Itel da Infinix, waɗanda duk na kamfani ɗaya ne, Transsion na birnin Shenzhen, suka cika Farm Centre da titin Beirut, da babban allo da batir mai jure rashin wuta da gurbin memori. Sai ga sabuwar sana'a a kowane lungu: yaro da kwamfuta da benci da ƙaramin janareta, yana caji yana turi. Ka miƙa memori, a zuba maka fim da naira hamsin ko ƙasa da haka a wancan lokaci, ka koma gida ka tura wa mutum goma ta Bluetooth ko Xender kyauta. Fim ya rabu da jikin da ake iya ƙirgawa, babu sauran inda za a manna kwali. Shagunan faifai suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, manyan furodusoshi suka ajiye kyamara.

Ina kallon wasu ƙannena a can baya suna sunkuyar da kai. Ku ɗaga kanku, ban zo tona asirin kowa ba. Mai turi ya yi abin da masana'antar ta kasa yi: ya kai fim ƙauyen da ba sabis, ya kai wa matar da ke cikin kulle, a farashin da talaka zai iya. Laifin sana'ar shi ne ko kwabo ba ya komawa ga wanda ya ci bashi ya yi fim ɗin. Zan dawo kan wannan.

A daidai lokacin ne kuma fassarar Indiya-Hausa ta shigo, irin ta Algaita da takwarorinta. Fim ɗin da aka kashe masa maƙudan kuɗi a Mumbai ko Hyderabad, a ɗora masa muryar Bakano mai barkwanci, a tura shi a farashi ɗaya da fim ɗin da aka ɗauka a Ɗorayi. 'Yan fim suka yi kuka, kuma kukansu yana kan hanya. Amma a nan dole mu faɗa wa kanmu gaskiya. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi shekaru yana lissafa fina-finan Hausa da aka ɗauko labarinsu da karin waƙarsu kai tsaye daga na Indiya. Masu bandiri sun ari karin waƙoƙin Indiya sun yi bege da su. Kai, Magana Jari Ce ma, wanda muke alfahari da shi, Alhaji Abubakar Imam ya ɗebo labarai da yawa daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turai ya yi musu riga da wando na Hausa. Aro ba baƙon abu ba ne a adabinmu, kuma babu adabin duniya da ya girma ba da aro ba. Bambancin shi ne Imam ya narkar da abin da ya aro ya ƙera wani sabo, wanda in ka ba Bajamushe ba zai gane nasa ba. Wanda ya ɗauki fim ɗin wani sukutum ya sayar, bai ƙera komai ba. Tsakanin waɗannan biyun akwai fili mai faɗi, a cikinsa yawancin masu fasaharmu suke, kuma zai yi wuya mutum ya nemi a kare masa haƙƙinsa da babbar murya alhali karin waƙarsa na wani ne.

Sauyi na uku shi muke ciki. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta saba wa mutane da fim mai dogon zango ta hanyar Daɗin Kowa da Kwana Casa'in. A 2020, shekarar kullen korona, Lawan Ahmad ya fara sakin Izzar So a YouTube, Aminu Saira ya fito da Labarina. Jama'a suna gida, waya tana hannu, abin ya karɓu fiye da yadda kowa ya zata. Masana'antar da aka fara yi wa ta'aziyya ta tashi zaune. Dabarar ta yi kyau: tunda ba za a iya hana kwafa ba, a ba da fim ɗin kyauta, a karɓi kuɗi daga masu talla.

Sai dai mu duba sharuɗɗan sabon maigidan. YouTube na kamfanin Google ne, wanda ya saye shi a 2006. Kafin ya fara raba kuɗin talla da kai, sai tasharka ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo a cikin shekara. In ka cika, kashi 55 cikin ɗari na kuɗin tallar naka ne, 45 nasa. Wannan rabo ya fi na Ƙofar Wambai tsabta, ba na musu, kuma yana biya a kan lokaci, da dala. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024, don haka kowace dala ta ƙara auki, ko da yake kyamara da fitila su ma da dala ake sayensu. Matsalar tana wajen farashin tallar. Ba yawan masu kallo kaɗai ake dubawa ba, ana duba inda suke zaune. Mai talla yana biyan kuɗi mai kauri don ya isa ga mai kallo a Amurka ko Ingila, yana biyan ɗan kaɗan don ya isa ga mai kallo a Hotoro ko Maraɗi, domin ya san nauyin aljihun kowa. Shi ya sa fim zai tara kallo miliyan, mai shi ya duba asusu ya ga abin da bai biya kuɗin ɗaukar mako biyu ba. Shi ya sa kuma kuke ganin ana katse labari ana tallar fili da maganin gargajiya da atamfa a cikin fim ɗin kansa. Wannan tallar ta gida ita ce take riƙe da yawancinsu.

Kuma kamar yadda ɗan kasuwa ya taɓa cewa a sa waƙa, yanzu na'urar YouTube ce ke faɗar abin da za a yi, ba tare da ta buɗe baki ba. Tana fifita wanda ke saki kowane mako ba fashi, tana fifita abin da ke riƙe mutum ya daɗe yana kallo. Sai labarin da ya kamata ya ƙare a kashi goma a ja shi zuwa zango biyar, a zaunar da mutum biyu a falo su yi minti goma suna maimaita abin da muka gani makon jiya. Ni dai a ganina marubutan yanzu sun fi na zamanin kaset gwaninta nesa ba kusa ba, amma ana sa su zuba wa miya ruwa. Ga kuma hukunci: gargaɗi uku na keta haƙƙin mallaka suna iya sa a rufe tasha ɗungurungum, da duk aikin shekaru da ke cikinta. Dokar da ake bi wajen wannan ta Amurka ce, ta 1998. In aka zalunce ka, fom za ka cike da Turanci ka jira amsa. Ɗan kasuwar Ƙofar Wambai aƙalla ka san gidansu, kana iya kai ƙararsa wurin yayansa.

Wasu suna cewa mafita ita ce manyan kamfanoni masu karɓar kuɗin wata. Netflix ya iso Najeriya a watan Janairun 2016. Da ya tashi nuna labarin Sarauniya Amina ta Zazzau a 2021, fim ɗin Izu Ojukwu ne, kuma da Turanci Amina take magana. A watan Janairun 2024 Amazon ya daina zuba kuɗi a sababbin fina-finan Afirka, ya bar furodusoshin Legas da suka dogara da shi riƙe da takardu. Wanda bai tsaya wa Legas ba, ban ga dalilin da za mu zauna jiransa a titin gidan Zoo ba. Ba ingancin aiki muka rasa ba: Mai Martaba, fim ɗin Hausa, shi Najeriya ta zaɓa a 2024 ya wakilce ta a gasar Oscar. Lissafinsu ne bai biyo ta kanmu ba. 'Yan gida sun gwada nasu, irin Northflix da Kallo.ng, kuma sun cancanci yabo. Abin da suke fama da shi kowa ya sani: mai kallo zai biya kuɗin fim, ya sake biyan kuɗin data, da katin banki wanda ba kowa ke da shi ba, sannan kafin gari ya waye wani ya naɗe fim ɗin daga allo ya watsa a Telegram.

Yanzu doka. Ranar 17 ga Maris 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda ta maye gurbin ta 1988. Doka ce mai kyau a takarda. Ta ba mai fasaha damar rubuta wa kamfanin intanet ya sauke aikinsa da aka ɗora ba izini, ta ba Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa ikon toshe shafin da ya mai da sata sana'a, ta sassauta wa makafi da ɗakunan karatu. Ba sai ka yi rajista ba kafin aikinka ya zama naka, ko da yake rajistar tana taimako ranar shari'a. Littafi da waƙa suna da kariya har shekara 70 bayan rasuwar mai su. Fim da sautin da aka naɗa, shekara 50. Ma'ana, waƙoƙin Dokta Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, haƙƙin magadansa ne har 2069. Ku buɗe YouTube ku rubuta sunansa, ku ƙirga tashoshin da ke cin talla da muryarsa, sannan ku tambayi kanku nawa ne a ciki suka taɓa sallama da iyalinsa.

Akwai wurare biyu a dokar da nake roƙon 'yan fim su haddace. Na farko, a wurin doka mai fim shi ne wanda ya yi tanadin shirya shi, wato furodusa, sai in an yi yarjejeniya a kan wani abu daban. Na biyu, sayar da haƙƙi ko ba wa mutum ɗaya izini shi kaɗai ba ya tabbata sai a rubuce. Mu kuwa harkarmu ta amana ce da kunya. Marubuci zai kai labari a ba shi abin da aka ba shi, ya ce Allah ya amfana, ba takarda. A zamanin kaset wannan bai yi zafi sosai ba, don fim yana cin kasuwarsa wata biyu ya wuce. Yanzu fim yana zaune a intanet yana kawo kuɗi shekara da shekaru, tsofaffin ma an tono su an ɗora. Wa ke da su? Furodusan da ya sayar da uwar kaset da baki a 2003, ko ɗan kasuwar da ya saya, ko ɗansa da ya gaji kwalin kaset ɗin ya buɗe tasha? Neman a rubuta yarjejeniya ba rashin yarda ba ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka.

Tunda malamai suna nan, bari in taɓo wani abu, su kuma su gyara mini. Akwai masu cewa haƙƙin mallaka al'adar Turawa ce, ilimi ba a kulle shi. Gaskiya ne a Ingila aka fara yi masa doka a 1710, kuma gaskiya ne malamanmu na da sun bar almajirai suna kwafar littattafansu da hannu. Amma mai kwafar bai taɓa goge sunan mawallafi ya sa nasa ba, kuma guminsa na rubutu yake karɓar lada a kai. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a watan Disamban 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce da shari'a ta kare, ba ya halatta a keta ta. Wanda ya ga dama ya yafe nasa, kamar yadda malamai da yawa suke yafe karatunsu, ya yi sadaka. Ba a yi wa mutum sadaka da dukiyarsa ba da saninsa ba.

To ina gwamnati? A nan akwai wani karkataccen tsari da ba a cika lura da shi ba. Kundin tsarin mulki ya sa tace fina-finai a cikin abin da jiha da tarayya suke tarayya a kai, amma haƙƙin mallaka na tarayya ne ita kaɗai, kuma Babbar Kotun Tarayya ce kawai ke sauraron shari'arsa. Sakamakon haka, hukumar da ke kusa da ɗan fim, wadda ta san ofishinsa da lambar motarsa, ita ce mai tambayar me ke cikin fim. Mai tambayar na wane ne fim ɗin tana nesa. An kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano a 2001, bayan ƙaddamar da shari'a. Mun ga ƙarfinta zamanin Malam Abubakar Rabo, lokacin da aka ɗaure Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama a ƙarshen 2008 a kan fim ɗin Tsintsiya. Mun sake gani a watan Mayun 2025, da ta dakatar da fina-finai masu dogon zango 22 a rana ɗaya, har da Labarina da Daɗin Kowa, saboda ba a kawo su an duba ba kafin a saki. Ni ba na cikin masu cewa a bar kowa ya yi abin da ya ga dama. Al'umma tana da haƙƙin kare tarbiyyar 'ya'yanta. Abin da nake cewa shi ne, wanda kake karɓar kuɗin rajista a hannunsa, kake iya tsayar masa da aiki da takarda ɗaya, yana da haƙƙi a kanka ranar da aka sace masa aikin. Sannan a tuna, takardar dakatarwa tana kama ɗan Kano ne kawai. Fim ɗin Turkiyya da na Koriya da duk tarkacen TikTok suna shiga wayar yaran nan ba tare da sun bi ta kowane ofishi ba. In aka matsa wa na gida har ya gaji, gurbin ba zai zauna fanko ba.

Ita kanta intanet ɗin da muka kwashe kayanmu muka koma cikinta, ba tabbas gare ta ba. A watan Yunin 2021 gwamnatin tarayya ta rufe Twitter, sai Janairun 2022 aka buɗe, wata bakwai. Abin da aka yi wa Twitter ana iya yi wa YouTube. A watan Satumban 2021 an kashe sabis gaba ɗaya a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato saboda matsalar tsaro. A watan Oktoban 2024 Kano da yawancin Arewa sun yi fiye da mako guda ba wutar lantarki, cajin waya ya zama abin layi. A watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta amince a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari. Manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku a gaɓar Legas da kudu suke sauka, kafin su iso mu an bi dogon daji da haƙa da haraji. Duk ranar da ɗaya daga cikin waɗannan ya faru, mai kallo yana komawa inda bai taɓa ba shi kunya ba, wato bencin mai turi.

Shi ya sa shawarata ba ta kame ba ce. An sha yin kame, an kwashe kwamfutoci, bayan mako biyu benci ya dawo. Masu turi su ne hanyar da ta fi kowace isa ga Bahaushe a yau, kuma a hannun 'yan gida take. A zauna da ƙungiyoyinsu, da MOPPAN ta masu shirya fim, da ƙungiyar AVRS wadda gwamnati ta ba lasisin karɓar kuɗin haƙƙin fina-finai, a yanka wani abu da kowane shago zai riƙa biya a wata, a ba shi fim mai kyau daga tushe ranar da ya fito, da shaidar da zai liƙa a ƙofa. Hukumar tacewa ba ta da ikon yin dokar haƙƙin mallaka, amma tana da ikon cewa ba za ta sabunta wa shago rajista ba sai ya nuna wannan shaidar. Mai lasisi da kansa zai sa ido a kan marar lasisi, kamar yadda 'yan Ƙofar Wambai suka yi da kwali. Wahalar tana wajen rabon kuɗin, wa zai riƙe asusu, wa zai duba littafi, don an ga yadda rigimar shugabanci ta cinye ƙungiyoyin karɓar kuɗin mawaƙa a Legas. In ba a buga lissafin kowane wata kowa ya gani ba, kada ma a fara.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi gaggawa. Kariyar Turmin Danya za ta ƙare a 2040, daga nan ya zama na kowa da kowa. Amma kaset ɗin bidiyo ba ya jiran doka: zafi da ƙura da damina suna cin zarensa, na'urorin da ke kunna shi ma sun kusa ƙarewa a kasuwa. Dubban fina-finai da kaset ɗin mawaƙa da na tafsiri suna jibge a buhuna a shagunan da aka mai da su wurin sayar da takalma. Akwai ma'adanar fina-finai ta ƙasa a Jos, a ƙarƙashin Hukumar Fina-finai ta Najeriya, wadda Ali Nuhu yake shugabanta tun Janairun 2024. Akwai Gidan Ɗan Hausa, akwai Jami'ar Bayero. Ina roƙon masu shirya wannan taro su rubuta musu a hukumance, a nemi a tattara kaset ɗin nan a juye su a kwamfuta, a rubuta sunan mai kowanne da magadansa tun waɗanda suka san tarihin suna raye. Ƙwararrun juye bidiyo kuwa ba sai an ɗauko su daga wani wuri ba, ga su nan zaune a bayan zauren nan.

Shugaban taro, na ga ana nuna mini agogo. Nan zan dakata a buɗe fagen tambayoyi.